Ƙudajen da Don Lolo Ya Zubar

Mijin yayata, Eleodoro Quilaleo, wanda duk garin Junín ke kira Don Lolo, ya kwashe fiye da shekara arba'in yana son in yarda cewa mai ɗaura ƙudan fatsa da hannunsa ya fi mai saye tattalin kuɗi. Ni kuwa na kwashe shekarun nan ina sayen nawa a shago ina gaya masa zancen banza yake yi. Mun yi wannan musun a bakin kogi, mun yi shi a cikin mota, mun taɓa yin sa ƙasa-ƙasa a wurin jana'izar wani maƙwabci har Yaya Zulema ta juyo ta watsa mana harara.

Ƙudan da muke faɗa a kansa ƙugiya ce kawai da aka naɗa wa gashin zakara da ɗan ulu da zare, har ta ɗauki kamannin ƙwaron ruwa ko ƙaramar ƙaguwa, kifin turuca ya gani ya ruɗu ya cafke. Abu ne da bai kai gaɓar yatsa ba. Amma a nan bakin kogin Chimehuin za ka ga dattijai masu furfura sun yi gaba ta shekara guda saboda shi.

Lolo yana da shekara ashirin da biyu, yana kiwon tumaki a wata babbar gona, mai gidan ya sa shi ya riƙa tuƙa wa baƙi daga Buenos Aires kwale-kwale. Wani baƙo da zai koma ya bar masa tsohuwar sandar fatsa. Da murnarsa ya je shago sayen ƙuda, aka gaya masa kuɗin guda ɗaya, ya ga daidai yake da kilon nama. Ya daure ya sayi biyu. Ran da ya fara jefawa, kafin rana ta yi tsaka duka biyun sun maƙale a reshen itace a tsallaken ruwa, yana kallonsu suna lilo. A nan ya rantse ba zai ƙara jefa ƙudan da ba shi ya ɗaura ba. Ya koma gona ya fige wutsiyar zakaran mai dafa musu abinci, ya warware zare daga safarsa, ya danne ƙugiya da filaya tsakanin gwiwoyinsa. Abin da ya ɗaura ya kama kifi. Da bai kama ba, da yayata ta huta.

Domin daga nan aka shiga tattalin kuɗi, irin na Lolo. Ya sayi ƙarfen riƙe ƙugiya. Ya sayi almakashi, sannan wani almakashin da ya fi shi siririn baki, sannan na uku da ban taɓa ganin ya yanka komai da shi ba. Gashin ɗawisu, fatar kurege, gashin barewa da aka kawo masa daga Amurka, zare kala-kala cike da aljihun tebur. Da kaya suka fi ƙarfin teburin cin abinci sai ya gina musu ɗaki. Da ya ga gashin zakara na shago ya yi tsada sai ya fara kiwon nasa, har akwai shekarar da zakaru goma sha ɗaya ke cara a gidan, ba sa ƙwai, ba a yanka su, sai cin masara. In ka ce a zauna a yi lissafi, sai ya ce kuɗin ƙasar nan sun canza suna sau uku tun da ya fara, wa zai iya lissafi da kuɗin da ba sa tsayawa wuri ɗaya?

Yaya Zulema masaƙiya ce, tana rina ulunta da saiwoyi da ɓawon albasa, tana saƙa barguna tana sayarwa. Duk lokacin da wani sabon ƙunshi ya iso sai ta tsaya a ƙofar ɗakin ta riƙe ƙugu.

"Tsoho, wannan ma cikin tattalin ne?"

"Cikinsa ne mana. Wannan fatar za ta yi ƙuda ɗari huɗu."

"To kifi ɗari huɗun fa, a wace tukunya suke?"

Ba su cikin kowace tukunya, don a kogin nan saki muke yi. Ka kama, ka duba, ka mayar. Yaya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sana'ar da ake ciyar da zakaru don a gaisa da kifi a rabu ba. Amma jan ulunta yake sata yana ƙarasa kan kowane ƙuda da shi, naɗi uku cif, kuma ban taɓa jin ta ɓoye ulun ba.

Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba na son faɗarta: babu mai ɗauri kamarsa a wannan yanki. Ƙudansa in ka ɗora a tafin hannu sai ka ji kamar zai tashi. Kowane gashi na wurinsa, hagu daidai da dama. Wani likita daga Córdoba ya taɓa sayen guda shida bai jefa ko ɗaya a ruwa ba, ya sa su a gilashi ya rataye a bango. Lolo ya yi wata guda yana zagin mutumin, yana kuma ba kowa labarin har da waɗanda ba su tambaya ba. Da wannan hannun ya bar kiwon tumaki ya zama mai raka baƙi kogi, da shi ya aurar da 'ya'ya mata biyu. Ni direban bas ne, na shekara talatin a hanyar Neuquén, ba ni da haƙurin zare da gashi. In ina son ƙuda in shiga shago in nuna da yatsa.

Yana da shekara saba'in da ɗaya hannun ya fara rawa. Da fari a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan, muka lura, in zai miƙo maka sai ruwan ya ɗiga a wandonsa, ya ce ƙoƙon ne ya cika da yawa. Daga baya likita ya ce ba ciwon da ke kisa ba ne, amma ba inda za shi. Lolo ya dawo bai ce wa kowa komai ba.

A wurinmu lokacin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta, kogi a rufe yake, shi ne lokacin ɗauri. Wata rana da la'asar na leƙa ɗakin nasa. Dusar ƙanƙara ta rufe tsakar gida, murhu na ci, shi kuma yana zaune ya sunkuya. Na tsaya a bayansa bai sani ba. Ya kama gashi zai ɗora a ƙugiya, gashin ya zame. Ya sake, zaren ya tsinke. A karo na uku ya samu ya naɗa, amma abin da ya fito wani dunƙule ne, gashi ya tsaya ta gefe ɗaya kamar kan yaron da ya tashi daga barci. Ya kwance shi daga ƙarfen, ya dube shi, ya sake shi ƙasan tebur. Na ja da baya a hankali na fita. Ban yi masa tsiya ba ranar, kuma ina jin shi ne karo na farko.

A watan Oktoba, saura mako biyu a buɗe kogi, sai ga shi a ƙofar gidana da sandarsa cikin jakarta ta zane.

"Direba, riƙe wannan."

"In riƙe maka zuwa yaushe?"

"Ka riƙe dai. Taka ta yi kama da sandar korar awaki."

Na gane abin da yake nufi, raina ya ɓaci. Ni kuwa in raina ya ɓaci wauta nake yi. Washegari na shiga shago na zaɓi ƙuda goma sha biyu mafiya kyau, na kai masa a akwatinsu. Na ce ga su nan, kifi ba ya tambayar wanda ya ɗaura. Ya buɗe ya duba, ya rufe, ya turo mini a kan tebur da yatsa ɗaya.

"Abelardo, shekara nawa ka san ni?"

"To in ba ka jefa waɗannan ba, me za ka jefa?"

"Ba abin da zan jefa." Sai ya ɗaga murya zuwa wajen masaƙa. "Tsohuwa! Ranar buɗe kogi ki yanka Kanar. Ya ci masara ya isa."

Kanar shi ne zakaran da ya rage, wani toka-toka mai dogon gashin wuya, wanda Lolo ke tsinkar gashinsa sau biyu a shekara yana ba shi haƙuri. Al'adarmu ce ranar ɗaya ga Nuwamba mu fita kogi da sassafe, mu dawo gidansu mu ci abinci da ƙarfe biyu. Shekara da shekaru Yaya na barazanar wata rana zakara za ta dafa mana. Yau an ba ta izini, sai na ji ƙarar masaƙar ta tsaya.

Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. Na san mutanen garin nan da suka ajiye sanda. Wata shida za ka gan su a kujera bakin taga, wata shida kuma a kai su maƙabarta. Lolo ba shi da wani abu bayan kogin nan. Ba ya caca, ba ya kallon ƙwallo, ko coci sai Yaya ta ja shi.

Kwana uku kafin buɗewa Yaya ta aiko in zo, lokacin ya tafi aski. Ta janyo wani ƙyallen ulu daga bayan ƙofa ta shimfiɗa. Jere a jikinsa ƙugiyoyi ne sun fi talatin, duk irin dunƙulen nan da na gani.

"Kullum ni ke share ɗakin," ta ce. "Tun muna da yara masu rarrafe nake tsince ƙugiya a ƙasa. Waɗannan na bana ne. Na kasa zubarwa."

"To Yaya me zan yi da su?"

"Kai fa ba ka da kai tun kana ƙarami. Me ake yi da ƙuda?"

"Ai sun yi muni."

"Kai ma haka, ga shi an aure ka. Sau nawa na ji shi yana gaya wa baƙi cewa ƙudan da kifi ya tattauna ya yamutse ya fi sabo kamu? Da bakinsa yake faɗa. Amma da ya zo kan nasa, sai ya tuna da likitan Córdoba da gilashinsa. Shi ba zai ji daga bakina ba, ba zai ji daga naka ba. Kai shi kogi ya ji daga can."

"In ya ƙi zuwa fa?"

"Ka ce ba ka da mai riƙe maka komar ɗago kifi. Ba zai iya jure a ce ka kama babban kifi ya kuɓuce saboda sakarcinka ba."

Haka kuwa aka yi. Ya ce zai zo, amma don ya dafa mate ya ga yadda zan kunyata iyali. Na ɓoye sandarsa a bayan mota ƙarƙashin bargo, ƙyallen Yaya kuma a aljihun rigata.

Ranar ta zo da rana mai kyau da iska mai sanyi. Ƙanƙarar dutsen Lanín na narkewa, kogi ya cika ya ɗan yi duhu, yana gudu da ƙarfi. Muka tsaya a wata kwana da muka saba, inda ruwa ke lafawa gindin itatuwa. Lolo ya zauna kan dutse da butar ruwan zafi, ya ja hularsa zuwa goshi. Ni na shiga ruwa har gwiwa na fara da ƙudajen shago.

Awa uku ina jefawa. Na canza baƙi, na canza kore, na sa mai ƙyalli. Ko taɓawa. Daga bayana kuwa baki bai huta ba.

"Direba, kifin ba fasinja ba ne, ba zai zo don ka tsaya ba."

"Yi shiru ka zuba mate."

"Wannan jifa ko shanya? Ɗaga hannu! Kai, Allah ya ji ƙan sandar nan."

Na ji daɗin zagin, don rabon da ya zage ni haka tun kafin sanyi. Wajen sha ɗaya na juya masa baya kamar ina gyara igiya, na zaro ƙyallen, na zaɓi mafi muni a ciki. Ƙaguwa ya so ɗaurawa, da koren ulu, amma ƙafafun duk sun taru gefe guda, jan zaren kan kuma maimakon naɗi uku ya zama ƙulli kamar ƙurji. Ni kaina ban yarda da shi ba. Na ɗaura don kada Yaya ta ce ban gwada ba.

Jifa na farko ba komai. Na biyu na bar shi ya nutse, ruwa ya ja shi zuwa gindin itacen. Ina fara janyowa sai na ji kamar an fizge sandar daga hannuna. Igiya ta miƙe tana kuka.

"Kar ka ja! Bar shi ya gudu, ɗan banza, bar shi!"

Ban san lokacin da ya shigo ruwa ba, da takalmansa na gida da komai, koma a hannu. Muka yi minti goma yana ba ni umarni ina bi, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Da kifin ya gaji ya kwanta ta gefe, Lolo ya zura komar ƙarƙashinsa ya ɗago. Turuca ce ja-ja mai ɗigo-ɗigo, tsawonta daga yatsana zuwa gwiwar hannu har da ɗori.

Ya durƙusa a ruwan, ya jiƙa hannu kamar yadda ya koya wa ɗaruruwan baƙi, ya buɗe bakin kifin zai cire ƙugiya. Sai ya tsaya. Na ga yana kallon jan ƙullin nan. Ya cire shi, ya riƙe kifin fuskarsa na kallon inda ruwa ke fitowa har ya farfaɗo ya sulale. Sannan ya miƙe da ƙudan a tafinsa, tafin na rawa.

"Ina ka samo wannan shara?"

"Ƙasan teburinka."

Ya ɗago ya dube ni. "Zulema."

"Ita."

"Matar nan ba ta zubar da komai. Shi ya sa har yau nake gidan." Ya juya ƙudan da yatsa. A jiƙe, gashin da ya taru gefe guda ya kwanta yana motsi, sak ƙaguwar da ta ji ciwo tana jan jiki. Na ga ya gani. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce iska ce, ni ma na ce iska ce, don nawa ma haka suke.

"Guda nawa ta ba ka?"

Na miƙa masa ƙyallen. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, wannan kamar an taka shi da mota, wannan ko makaho ba zai ɗaura ba. Ya zare guda. Sai ya dube ni, ya dubi motar.

"Tana ƙarƙashin bargo," na ce.

"Na sani. Tun a hanya na ga bakin jakar. Kai ko ɓoye abu ba ka iya ba."

Ya haɗa sandar da kansa. Da ya zo zura igiya a idon ƙugiya sai hannun ya ƙi. Sau huɗu yana gwadawa, ni kuma na kafa ido a kan dutsen Lanín kamar yau na fara ganinsa. Can ya miƙo mini.

"Ƙulla mini. Wannan ba ɗaurin ƙuda ba ne, ka ji ko? Ƙulli ne kawai, kowane direba zai iya."

"Na ji."

"In ka gaya wa mutane kai ka ɗaura mini ƙuda, sai na jefa ka kogin nan."

Na ƙulla. Ya shiga ruwa, ya ɗaga sanda, igiyar ta tashi ta miƙe a bayansa ta dawo ta sauka can gindin itace, shiru kamar ganye. Rawar hannun tana nan, amma jifa da kafaɗa da dantse ake yi, kuma waɗannan ba su manta komai ba. Bai daɗe ba ya kama wata 'yar ƙarama da ba ta wuce tafin hannu ba, ya yi ta dariya kamar ya kayar da bijimi. Jifa na gaba iska ta kwashe ƙudan ta rataye shi a reshe. Na ce bari in hau in ciro.

"Bar shi. Akwai talatin a nan, in sun ƙare in ɗaura wasu. Ni ba saye nake yi ba." Ya nuna akwatina da haɓa. "Nawa ka ba su a kan waɗancan goma sha biyun?"

Na faɗa masa.

"Kifi nawa suka kama?"

"Ko ɗaya," na ce.

"Ƙudana kuwa daga shara aka tsinto shi. To yanzu wa ya yi tattali?"

Ni har gobe ina nan a kan bakana. Kuɗin ɗakin da ya gina da na masarar zakaru goma sha ɗaya sun isa su saya mini ƙuda har jikokina. Amma ranar na bar masa, na ce ya ci. Yana cikin murna yana neman wani ƙudan a ƙyallen, sai ya tsaya cak da guda mai toka-tokan gashi a hannu.

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya saura."

"Kanar!"

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, ko lokacin da nake da ƙuruciya. Lolo na gefe jiƙe har cinya, sanda ta leƙo ta taga, yana ce mini in taka, wai shekara talatin ina tuƙi ban koyi komai ba. Kafin in gama tsayawa ya buɗe ƙofa, ya nufi shinge yana ɗingishi yana ihu.

"Tsohuwa! Zulema! Kar ki taɓa zakaran nan! Ina da aiki da shi!"

Yaya ta fito daga madafa tana goge hannu a zanen gabanta. Ta dubi wandonsa da ke ɗiga, ta dubi sandar da ke hannunsa, ta dube ni. Daga bayan gida Kanar ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya yana tonon ƙasa.

"Wane zakara?" ta ce. "Wake ne a tukunya, tun jiya na jiƙa shi. Je ka canza wando kafin ka jiƙa mini ɗaki."

Ya wuce ta gefenta zai shiga, sai ta sa hannu a aljihunta ta zaro ɗan curin jan ulu, sabon rini, ta cusa masa a tafi ta rufe yatsunsa a kai da nata hannun, ta riƙe har rawar ta lafa.

"Wannan ma cikin tattalin ne," ta ce.